Gidan Gurzar da Ozella ta Gina

Yayata Ozella ba ta da daɗin zama. Gara in faɗi wannan tun farko, don yanzu da ba ta nan kowa a Tullis Bend yana yabonta, har waɗanda in sun hango ta a bakin kanti sai su tsallaka titi. Doguwa ce, ramammiya, muryarta kamar ta namiji. In ta zo gidanka cin abinci, kafin ka kai loma ta biyu ta tambaye ka me ya hana ka zuwa taro. Ita ta goya ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, saboda haka ina da bakin faɗa.

A gonar wani Bature mai suna Creel aka haife mu, a nan jihar Arkansas, kusa da kogi. Noman raba-daidai iyayenmu suke yi. Ƙasa ta Creel, alfadari nasa, iri nasa, gidan gurzar auduga nasa, sikeli ma nasa. Namu gumi. In kaka ta yi sai a raba, kuma shi ke rabon.

Ozella ta auri Roscoe Brantley tana ƙuruciya. Mutum ne mai sanyin hali, mai son kamun tarwaɗa da busa sarewar baki. Suka haifi 'ya ɗaya, Earline. Lokacin da masu kafa ƙungiyar ƙwadago ta manoman haya suka iso gundumarmu, a shekarun wahalar nan ta kafin yaƙin duniya na biyu, Roscoe bai nemi shiga ba. Ozella ce ta ja shi. Ita ta riƙa bin layin auduga da buhu a kafaɗa tana raɗa wa mutane inda za a haɗu, ita ta tsaya a coci ta ce Turawa matalauta ma a bar su su shigo, tunda yunwa ɗaya ke cin kowa.

Creel ya bari sai da aka gama cire audugarsa kaf. Cikin sanyin Janairu ya sa aka fitar da kayan duk wanda ya shiga ƙungiya aka zube a bakin babbar hanya. Gadaje, murhu, kaji a cikin akwati, tsofaffi a kan kujera sun lulluɓe da bargo. Ina yarinya lokacin, amma har yau in na ji warin jiƙaƙƙiyar katifa sai in tuna ranar. Bayan 'yan kwanaki masu sintirin gonar suka tare Roscoe a kan gada da rana tsaka, suka yi masa dukan kawo wuƙa da ƙotar gatari. Bai mutu ba. Ya tashi da kunne ɗaya a toshe da hannu mai rawa.

Da ya iya tafiya sai ya ce shi Chicago za shi, ta haɗa kayanta. Ozella ta ce in kowa ya tafi, wa zai tsaya? Ya ce ai shi ya tsaya, ga abin da ya samu. Suka yi ta ja har ya gaji, daga ƙarshe ya ce to ta ba shi yarinyar, can akwai makaranta mai rufi da taga.

Ta ba shi. Ni na riƙe hannun Earline har bakin jirgin ƙasa, don Ozella tana wurin taro a wata gundumar. Ta ce za ta dawo kafin jirgi ya tashi, ba ta dawo ba. Earline ta girma tana kiran wata mace Mama. Sau ɗaya ta zo ganin uwarta, ta riga ta zama babbar mace da jakar hannu da safar hannu farare, ta sha kofi a tsaye, ta koma.

Ƙungiyar ta watse kamar yadda aka saba. Ozella ta tsallaka zuwa Memphis ta kama aiki a gidan wanki da guga, ta daɗe can. An kore ta daga wurare da dama saboda ba ta iya ganin mata suna aiki cikin tururi ba tare da ta haɗa kansu ba. An kulle ta, an kira ta 'yar kwaminis a jarida. Ni kuwa na auri Lucious Gaither, wanda ya gaji 'yar gona daga kakansa, tasa ta kansa, ba ta haya ba. Dattijon coci ne tun yana saurayi, mai tsabta, mai auna magana kafin ya faɗa. Na zauna lafiya da shi, ban ɓoye ba.

Ozella ta dawo gida tana kusa da hamsin. Injin cirar auduga ya riga ya shigo, manyan gonaki sun daina buƙatar hannu, gidajen 'yan haya sun zama kango. Waɗanda suka rage a cikinmu su ne masu 'yan gonakin kansu, irin su Lucious. Amma ko su, dole su kai audugarsu gidan gurzar Creel, ɗan wancan na farko, wanda ya gaji uban har da tafiya. A shekarar ne mu baƙar fata muka fara zuwa kotu rubuta suna don jefa ƙuri'a. Duk wanda ya je, in ya kawo audugarsa sai a ce masa inji ya lalace. Keken ɗaukar audugar da ke bayansa kuwa, na Bature, a shigar da shi a kan idonsa. Auduga ta riƙa ruɓewa a cikin kekuna.

Ozella ta ce mu gina namu.

Mutane suka yi dariya. Lucious ma ya yi, amma a hankali. Ita kuwa ta samo wata tsohuwar mota mai hayaƙi, ta shiga bin gida-gida tana neman kowa ya zuba kuɗi a ƙungiyar gama kai. Ta zauna a baranda, ta ci burodin masara da wake, ta ƙi tashi. Akwai wani Otha Simms, mai 'yar gona a bayan fadama da yara cike da gida. Ya gaya mata gaskiya ba shi da abin bayarwa. Ta ce ta ga alade a bayan ɗakinsa. Ya ce wannan na Kirsimeti ne. Ta ce Kirsimeti za ta sake zagayowa. Ya sayar da aladen ya shiga ƙungiya, ya daɗe yana ba da labarin yana dariya, yana cewa matar nan ta fi mai karɓar haraji.

Mu mata muka soya kifi kowace Asabar muna sayarwa. Aka samo wani tsohon inji a ƙetaren kogi wanda mai shi ya gaji da shi. Mazanmu suka kwance shi ƙarfe-ƙarfe, suka ɗauko a bayan motoci, suka ɗaure shi a filin bayan coci. Masu sayar da mai suka ƙi kawo mana, masu inshora suka ƙi duba mu, aka ƙona mana tulin katako. Ozella ta riƙa tuƙi har wata jiha ta samo mai a cikin ganguna. Ranar da dilar auduga ta farko ta fito daga injin, tsofaffi suka riƙa shafa ta suna kuka. Otha ya hau kanta ya zauna kamar sarki, aka rasa mai sauko da shi.

Lucious aka zaɓa shugaba, don shi ke da kwat da maganar da Bature zai saurara. Ozella aka ce sakatariya, ba albashi, wato mai yin komai. Doka ɗaya ta kafe a kai: mutum ɗaya, ƙuri'a ɗaya, ko gonarka tafin hannu ce ko ta cika gari. Kuma wanda ya riga zuwa layi shi za a fara gurza wa. Shekarun nan su ne mafi daɗi da na gani a rayuwarta. Ba ta yi ƙiba ba, ba ta rage faɗa ba, amma takan yi waƙa in tana share angurya.

Tsohon injin ya fara gazawa daidai lokacin da gwamnati ta fara raba rance ga ƙungiyoyin gama kai na talakawa. Aka turo mana wani matashi daga Little Rock, Wendell Pickens, baƙi ɗan'uwanmu, ya yi karatun noma, yana da ladabi, yana kiran Ozella Misis Brantley, abin da babu Baturen da ya taɓa yi. Ya ce za a iya samun sabon inji. Ya yi ta zuwa yana komawa. Sai wata Lahadi bayan coci, Ozella tana cin abinci a gidanmu kamar kullum, Lucious ya ajiye cokalinsa ya yi gyaran murya.

Ya yi ta kewaye-kewaye. Ya ce Mista Pickens ya ce mutanen can sama sun yaba da aikinmu, sai dai akwai abin da ya tsaya musu. Ba su rubuta ba, ba za su rubuta ba, amma sun san tarihin Memphis. Muddin sunanta na cikin shugabanni, takardar za ta yi ta kwana a kan tebur.

Ozella ta ci gaba da cin ganyenta. Da ta haɗiye ta ce, "Kai me ka ce musu?"

"Na ce zan yi magana da ke, Yaya."

"To ka yi. Miƙo mini barkono."

Ni na kasa cin abincin. Na ce wa Lucious ya ji kunya, matar da ta ɗauko injin nan a kanta. Ozella ta ce in yi shiru, ba da ni ake ba.

Aka kira taro a coci. Wurin ya cika har bakin ƙofa. Pickens ya yi bayani mai tsawo a kan sabon inji, bai ambaci sunanta ba ko sau ɗaya. Lucious ya tashi ya karanta shawarar cewa a sauke 'yar'uwa Ozella daga muƙaminta tare da godiya. Ya ce masu goyon baya su ɗaga hannu. Babu wanda ya motsa. Kowa ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa, kowa yana son injin, kowa yana jiran wani ya fara. Sai Ozella, daga bencin gaba, ta ɗaga nata hannun sama.

Ta juyo ta dube su ta ce, "Ku ɗaga mana. Ai abin da ya kawo ku ke nan."

Suka ɗaga, ɗaya bayan ɗaya. Otha Simms kaɗai ya zauna a kan hannuwansa. A hanyar gida na tambaye ta me ya sa ta yi haka. Ta ce ƙungiya ta fi mutum, kuma ita ba don a yi mata tafi ta gina ba. Ta faɗa da ƙarfi, amma da muka iso ƙofarta sai ta kasa saka mabuɗi, ni na buɗe mata.

Sabon injin ya zo, ƙato, mai ƙara kamar jirgi. Pickens ya zama manaja. Ban ce mugu ba ne. Rance yana son a biya shi, inji kuma yana son auduga mai yawa, shi ke nan. Da farko ya ce masu manyan kaya su fara shiga, don tsayar da inji saboda ɗan keke ɗaya asara ce. Daga baya aka gyara doka, ƙuri'a ta koma bin yawan auduga. Ozella ta je taron a matsayin mamba kawai, ta yi magana har muryarta ta dushe. Aka saurare ta cikin ladabi, aka yi abin da aka shirya. Masu ƙananan gonaki suka riƙa jira a ƙarshen layi har ruwa ya dake su, kamar dai zamanin Creel, sai dai yanzu mai ce musu su yi haƙuri ɗan cocinsu ne. Ɗaya bayan ɗaya suka sayar da gonakin, yawanci ga manyan membobin ƙungiyar. Lucious ma ya sayi biyu.

Otha ya rasa tasa. Ya dawo gidan gurzar a matsayin lebura, ana biyansa kullum-kullum. A tsakiyar wata kaka, ana aiki ba hutu, auduga ta cushe a bakin zartunan injin. Dokar Pickens ita ce ba a kashe inji don ƙaramin cushewa. Otha ya sa hannu ya zaro. Injin ya ɗauki hannun har gwiwa.

Ƙungiya ta biya kuɗin asibiti na farko, ta aika wa matarsa da cinyar alade da katin gaisuwa. Da matar ta je neman abin da za su rayu da shi, Pickens ya gaya mata cikin tausayi cewa Otha ba mamba ba ne yanzu, tunda ba shi da gona, kuma leburan rana ba ya cikin waɗanda doka ta ce a ɗauki nauyinsu.

Ozella ta haura sittin a lokacin, gwiwoyinta sun kumbura. Ta sake tada tsohuwar motarta. Wannan karon gidajen leburorin gidan gurzar ta bi, waɗanda rabinsu da hannunsu suka ɗaure injin farko. Ta zo gidanmu kafin a fara, ta tsaya a baranda ta ƙi shigowa. Ta gaya wa Lucious abu uku suke so: a kula da Otha, a sa murfi a kan zartunan, a ƙara lada. In ba haka ba ran Litinin ba mai shiga.

Lucious ya ce ta san halin da ake ciki, in inji ya tsaya a kaka rance zai cinye su duka. Ya ce Turawan gari jira suke su ga mun faɗi su yi dariya, ita kuma za ta ba su abin dariyar da hannunta.

"Yaya, gidan nan naki ne. Ke kika gina shi. Za ki yi wa kanki yajin aiki?"

"Wanda na gina ba ya cin hannun mutum ya aika da cinyar alade."

Ran Litinin suka tsaya a bakin ƙofar gidan gurzar riƙe da kwalayen da suka rubuta buƙatunsu, Otha a cikinsu da hannun riga a naɗe da fil. Kekunan auduga suka yi layi har kan titi. Manoma suka sauko suna zagi, mutanen da suka yi baftisma a kogi ɗaya da waɗanda suke zagin. Wani ya kira Ozella tsohuwar da ba ta iya riƙe miji da 'ya ba, za ta koya wa mutane riƙon ƙungiya. Ta ji. Ba ta juya ba.

Ana cikin mako na biyu hadari ya fara haɗuwa, shugabanni suka zauna, Lucious ya ɗauki waya ya kira sherif, shugaban 'yan sandan gunduma. Ina wurin lokacin da ya iso, na kawo wa masu yajin abinci. Bature ne mai tumbi, ya fito daga mota yana murmushi kamar an gayyace shi biki.

"Lucious, na daɗe ina neman dalilin ɗaukar matar nan," ya ce. "Ban taɓa zaton kai za ka kira ni ba."

Lucious ya ce, "Hanya kawai muke so a buɗe, Yallaɓai." Bai ɗaga ido ba.

Ozella ba ta yi gardama ba. Ta miƙa wa Otha kwalinta, sai ta tuna hannunsa ɗaya ne, ta karɓe ta ba na kusa da shi. Gwiwarta ta hana ta shiga bayan motar da sauri, sherif ya tsaya yana jira yana fito. Ta kwana biyu a kulle. Alƙali ya ci ta tara, ya hana ta sake taka filin gidan gurzar. Pickens ya kawo leburori daga wata gunduma, aka gurje audugar kafin ruwa. Masu yajin ba a mai da ko ɗaya ba. Wasu suka tafi arewa, wasu suka shiga masana'antar fiɗar kaji. An dai sa murfin a kan zartunan a shekara ta gaba, ba tare da an ce don me ba.

A coci aka bar mata benci guda ita kaɗai. Ni nakan zauna da ita, Lucious yana gaba wurin dattawa, yana raba gurasar jibin Ubangiji. Da ya iso kanta yakan miƙa, ita kuma takan karɓa. A gida na yi wata da watanni ban yi masa magana ba sai ta dole. Amma ban bar shi ba. Ina zan je?

Ozella ba ta zauna ba. Ta tara wasu zawarawa da matan waɗanda aka kora, ta ce su noma kuɓewa da kokwamba a bayan gidajensu su haɗa su kai Memphis. Shekara ɗaya abin ya yi ɗan kyau. A ta biyu, tana ɗora kwando a mota, ta yanke jiki ta faɗi. Ɓarin jikinta ya mutu, bakinta ya karkace. Matan suka ci gaba na ɗan lokaci, da babu mai tuƙi kuma babu mai faɗa, abin ya mutu.

Ba ta da kowa sai ni, saboda haka gidan Lucious aka kawo ta. Bai ce a'a ba. Ni ba na iya ɗaga ta, shi yake ɗaukarta kowace safiya daga gado zuwa kujerar baranda, da yamma ya mayar da ita. Ba ta taɓa yi masa godiya ba, shi kuma bai taɓa neman gafararta ba. Daga barandar ana hango hayaƙin gidan gurzar in kaka ta yi. Na so in juya mata kujerar, ta buge hannuna da hannunta mai lafiya.

Magana takan yi mata wuya, takan yi kwanaki ba ta ce komai ba. Wata safiya yana ɗauke da ita a tsakiyar ɗaki, fuskarta dab da tasa, sai na ji ta ce, a hankali, kalma-kalma, "An biya Otha?"

Lucious ya tsaya. Sai ya ƙarasa da ita baranda, ya gyara mata bargo a ƙafa, ya ɗauki hularsa ya tafi gona.

Ta rasu da bazara, ana shuka. Na aika wa Earline, ta turo furanni. Otha ya zo jana'izar cikin kwat ɗin aro, ya tsaya a waje ƙarƙashin itace har aka gama, don ya ce ba zai zauna ya ji Pickens yana magana a kanta ba. A lokacin shara yake yi a makarantar gari da hannu ɗaya, kuma a kan aikin ya tsufa.

Ba a daɗe ba auduga ta faɗi, kowa ya koma waken suya da shinkafa. Manyan membobi suka kaɗa ƙuri'a aka sayar da gidan gurzar ga wani kamfani daga waje, wanda ya kwance injin ya mai da wurin rumbun ajiya. Pickens ya sami aiki a Washington. Aka raba abin da ya rage bisa yawan audugar kowa, Lucious ya sami kaso mai kyau. Ya tambaye ni me za mu yi da shi, na ce ba ruwana. Sai ya kira masu aiki suka cire tsohon kwanon gidanmu da ke yoyo suka sa sabo. Shi ma ya rasu yanzu. Rufin yana nan, bai taɓa ɗiga ba, kuma a ƙarƙashinsa nake kwana.